DARASIN MANOMA: ƘARAMAR GIYAR MOTA MAI JA DA ƘAFA HUƊU

 Darasinmu na wannan karo a kan mota ne, wato irin wadda ke ja da ƙafa huɗu, wadda muke ce wa kat-kat. A karanta shi a taron ƙungiya, a kira direban ƙungiya da yaron motarsa su zauna a gaba.

Kun san babbar kwaltarmu: ta taso daga Takeita, ta bi ta Kance da Matameye, ta nufi Ɗan Barto a bakin iyakar Najeriya. Duk wanda ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyukan Yawuri, ko Kurni, ko Tsauni, ko fadamun Dungu, to ya shiga hannun ƙasa. Da rani rairayi ne, da damina taɓo da ruwan ƙorama. Ta waɗannan hanyoyi takin zamani zai bi ya iske manomi kafin lokacin sa shi ya wuce. Ta nan rake da gero da wake za su fito kasuwa. Ta nan kuma za a ɗauko mace mai naƙuda cikin watan Agusta a kai ta asibiti. Motar da ta kafe a tsakiyar hanya a irin wannan rana, hasararta ta wuce ta kuɗi.

Abin da ke fid da mota daga irin waɗannan wurare shi ne ƙaramar giya. Za mu ga mece ce ita, da irin zaɓin da ke akwai, da wanda ya dace da ƙasarmu, da yadda ake aiki da ita har ta daɗe.

MECE CE ƘARAMAR GIYA?

Kowace mota tana da akwatin giya, inda direba ke sa lamba 1 har zuwa 4 ko 5, da ribas. Kat-kat ta aiki tana da wani akwati na biyu a manne a bayan na farko. Mu kira shi akwatin raba ƙarfi. Aikinsa biyu ne. Na ɗaya, yana aika ƙarfin inji ta farfela zuwa ƙafafun gaba, su taya na baya ja. Na biyu, yana da haƙoran ƙarfe waɗanda ke rage gudu su ƙara ƙarfi. Wannan aiki na biyu shi ne ƙaramar giya. A bakin direbobi za ku ji wasu na cewa karabo, waɗanda suka koyi aiki a Najeriya kuma suna cewa ogzilari.

Ga yadda abin yake. A ɗauki faifan ƙarfe mai haƙora 10 yana juya wani mai haƙora 20. Sai ƙaramin ya zagaya sau 2 kafin babban ya zagaya sau 1. Gudu ya ragu da rabi, ƙarfin juyawa kuwa ya ninka. Injin bai canza ba, man da yake sha a kowane juyi bai canza ba, amma an mai da doki ya koma takarkari. Doki ya fi sauri, takarkari ya fi jan kaya.

Kusa da sandan giya akwai wani ɗan gajeren sanda mai alamomi kamar haka:

H2: babbar giya, ƙafafun baya kaɗai ke ja. Ta kwalta ce da burji mai tauri.
H4: babbar giya, ƙafa huɗu ke ja. Ta hanyar ƙasa ce mai ɗan rairayi ko santsi.
N: babu ƙafar da ke ja.
L4: ƙaramar giya, ƙafa huɗu ke ja.

A tsohuwar Land Rover sanduna biyu ne, mai jan kai da mai rawayan kai. In an danna mai rawaya ƙasa an sa ƙafa huɗu, in an jawo ja baya an sa ƙaramar giya. A Hilux tun daga ta 2015 maɓalli ne, ba sanda.

A lura da kyau: H4 ba ta ƙara wa mota ƙarfi ko kaɗan, ƙafafun da ke ja kawai ta ƙara. Direbobi da yawa suna sa H4 su ɗauka sun gama, alhali ƙarfin yana L4.

YADDA AKE LISSAFIN ƘARFIN

Wuri uku ake rage gudun inji kafin ya isa taya: a akwatin giya, a akwatin raba ƙarfi, da cikin tukunyar aksul, wato ƙullutun nan da ke tsakanin tayoyi biyu. In an ninka lambobin ukun da juna, an san sau nawa inji ke juyawa kafin taya ta zagaya sau 1.

Mu ɗauki akori-kurar Land Cruiser 79 mai injin gazuwal 1HZ, wadda kowa ya sani a jihar Damagaram. Lamba 1 tana ragewa sau 4.3, ƙaramar giya sau 2.3, aksul sau 4.3.

A babbar giya: 4.3 × 1 × 4.3 = 18.5
A ƙaramar giya: 4.3 × 2.3 × 4.3 = 42.5

Taya mai lamba 7.50-16 tana cin wajen mita 2.5 a zagaye ɗaya. Saboda haka in inji na juyi 1,000 a minti, lamba 1 ta babbar giya tana tafiyar kilomita 8 a awa, lamba 1 ta ƙarama kuwa kilomita 3.5, wato tafiyar mutum da ƙafa. In an taka totur inji ya kai juyi 2,000, lamba 2 ta ƙarama tana ba da kilomita 13 a awa, lamba 3 kuma kilomita 21.

Me wannan lissafi ke koya mana? Motar da aka ɗora wa buhu 10 na gero ba ta iya tashi cikin rairayi da gudun kilomita 8 a awa. Direban da ya ƙi sa ƙaramar giya dole ya riƙe kuloci rabi da rabi yana ta taka totur. Faifan kuloci yana gurzuwa, yana zafi, har a ji ƙauri. Kwana kaɗan sai ya mutu, a sauke akwatin giya gaba ɗaya kafin a canza shi. A ƙaramar giya kuwa direba yana ɗauke ƙafarsa daga kuloci sarai, mota ta tashi da kanta. Kuɗin da ƙaramar giya ke tsare wa ƙungiya, a kuloci aka fi ganinsa.

ZAƁI BIYAR DA KE AKWAI

Na 1: motar da ba ta da ƙaramar giya. A nan akwai akori-kura mai ja da baya kaɗai, irin su Peugeot 404 da 504 da muka daɗe da su. Akwai kuma ƙananan motocin birni irin su RAV4, waɗansunsu suna ja da ƙafa huɗu amma ba su da ƙaramar giya sam. Rubutun da ke jikin mota yana ruɗin mai saye. Irin waɗannan suna da amfani a kwalta da burji, amma ba na shiga fadama da lodi ba ne.

Na 2: ƙaramar giyar da kamfani ya sa tun asali. Lambarta ta bambanta daga mota zuwa mota:

Land Cruiser 75 mai gazuwal, wadda aka yi daga 1984 zuwa 1999: wajen sau 2.
Land Cruiser 79 mai injin 1HZ: sau 2.3.
Tsofaffin Hilux: sau 2.28. Na baya-bayan nan: sau 2.57.
Land Rover Series III, ta 1971 zuwa 1985: sau 2.35.
Land Rover Defender, wadda aka daina ƙera tsohon samfurinta a 2016: sau 3.32.

Wani zai ga 3.32 ya ce Defender ta kusa ninka Land Cruiser 75. Ba haka ba ne, sai an ninka lambobin uku. Land Cruiser 75: 4.8 × 1.96 × 4.1, wajen 39. Series III: 3.68 × 2.35 × 4.7, wajen 41. Defender: 3.69 × 3.32 × 3.54, wajen 43. Kun gani, kamfanonin Japan da na Ingila kowa ya bi tasa hanya, amma duka sun taru a wajen 40. Ba don sun haɗa baki ba ne, aiki ne ya koya musu cewa nan ne daidai ga motar da ke ɗaukar tan 1 a hanyar ƙasa. Land Rover ta farko da ta fito a 1948 ma don manoma aka ƙera ta, har tana da wurin da ake haɗa bel ya juya injin gona.

Na 3: canza haƙoran da ke cikin akwatin raba ƙarfi. A Amurka akwai masu wasan hawan duwatsu da mota. Domin su ake ƙera haƙora masu ragewa sau 4 ko fiye. Jeep Wrangler Rubicon tana fitowa da sau 4 tun 2003, kamfanin Marlin Crawler kuma yana sayar da haƙora masu sau 4.7 na tsofaffin Hilux. Hilux mai jimla 37 in an sa mata su sai ta koma 76.

Na 4: haɗa akwati biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Sau 2.28 da sau 4.7 in sun haɗu suna ba da sau 10.7, jimla ta haura 170. Irin wannan mota ba ta cika kilomita 1 a awa a lamba 1 in ba a taka totur ba. Ana kuma yanke farfelar baya a ƙara wa ta gaba tsawo kafin abin ya zauna.

Waɗannan biyu, na 3 da na 4, matasa suna ganinsu a wayoyinsu suna sha'awa. To su sani, dutse yana son rarrafe, rairayi kuwa yana son tafiya mai ɗorewa. Ƙasarmu jigawa ce da fadama. Motar da ke rarrafe a rairayi haƙa wa kanta rami take yi. Bayan haka, ƙarfin da aka ninka sandunan aksul ne za su ɗauke shi, in da lodi a kai kuma taya ta cije, karyewa suke yi. Kayan daga waje ake odarsu da tsada, in sun lalace kuma da wuya a sami madadinsu a Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Kuɗin ya fi amfani a tayoyi masu kyau da famfon iska da shebur.

Na 5: canza haƙoran tukunyar aksul, misali daga 4.1 zuwa 4.88. Wannan yana ƙara ƙarfi kusan kashi 19 cikin 100, amma a kowace giya, babba da ƙarama. A kwalta inji zai riƙa kuka da yawa yana shan mai. Inda yake da amfani shi ne in an sa wa mota tayoyin da suka fi na asali tsawo, domin taya in ta ƙara tsawo da kashi 10 cikin 100, ƙarfin ja yana raguwa da kusan haka. Sharaɗinsa guda ne, kuma ba a karya shi: abin da aka sa a baya shi za a sa a gaba.

Shawararmu ga ƙungiyoyi da masu mota ita ce zaɓi na 2. Ƙaramar giyar asali ta ishe mu, muddin tana da lafiya kuma direba ya san lambar da zai sa a kowace ƙasa. Kayan da ya fi tan 1 kuwa na babbar mota ne ko tarakta. In fadama ta jiƙe sosai, a fito da rake da amalanke zuwa tudu, mota ta ɗauka daga can.

WACE GIYA A WACE ƘASA?

Rairayi mai zurfi. Tun kafin a shiga, a tsaya a wuri mai tauri a sa L4. A rage iskar taya: in kaya ba su da yawa a sauko wajen kilo 1.5, in akwai lodi kada tayoyin baya su gaza kilo 2. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa kamar tafin raƙumi. A tashi da lamba 2, a wuce lamba 3, a riƙe totur wuri guda. Lamba 1 ta yi ƙarfi da yawa a nan, tona ƙasa take yi. Kada a canza giya a tsakiyar rairayi, don da an taka kuloci mota ta tsaya. A bi sawun motar da ta riga ta wuce, kada a murɗa sitiyari da ƙarfi. Da sassafe rairayi ya fi riƙe mota, da tsakar rana ya fi laushi. A riƙa duban allurar zafin inji.

In taya ta fara juyawa wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa nan take. Kowane juyi bayan wannan zurfi yake ƙara wa ramin. A gwada ribas a kan sawun da aka shigo. In ta ƙi, a sauke rabin kaya, a kwashe rairayin gaban tayoyi huɗu da na ƙarƙashin aksul, a shimfiɗa karan gero ko faranti na ƙarfe, sa'an nan a tashi a hankali. Kada a sare ƴaƴan gawo don a shimfiɗa wa mota, manoma sun sha wahala kafin su raya su.

Taɓo da laka. A sauka a taka wurin da sanda tukuna. A shiga da lamba 2 ta ƙarama, ba gudu ba tsayawa. In taya ta fara sulɓi a ɗan sassauta totur, a riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan don gefen taya ya sami abin kamawa. Kada a kauce wa taɓo a bi ta cikin shukar mutane. Rigingimu da yawa tsakanin direbobi da masu gona daga nan suke tasowa, kuma hanya tana ta faɗi gona tana tsukewa.

Ruwan ƙorama. Yaron mota ya fara ratsawa da ƙafa. In ruwan ya wuce gwiwa, ko yana gudu har yana ture mutum, a jira. Ruwan sama da ya taru yakan janye cikin ƴan awoyi, kuma sannu ba ta hana zuwa. In ya ratsu, a shiga da lamba 2 ta ƙarama, kada a taka kuloci a tsakiya. Bayan an fita a riƙa taka birki a hankali ana tafiya har ya bushe.

Hawan gaɓa da gangare. A hau da lamba 2, a miƙe sak, kada a bi tudu a karkace. In mota ta kasa, a taka birki, a sa ribas, a saki kuloci, a sauko da baya a miƙe. A gangare a sa lamba 1 ta ƙarama, a ɗauke ƙafa daga kuloci da totur, inji ne zai riƙe motar. Wanda ya saki mota a firi da lodi a gangare ya sa ran mutane a hannun birki kaɗai.

Jan motar da ta kafe. Lamba 1 ta ƙarama. A ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin ja, ba a bamba ko sandan sitiyari ba. A ja a hankali har igiya ta miƙe, kada a fizga. Jama'a, musamman yara, su ja da baya nesa fiye da tsawon igiyar, don in ta tsinke bulala take zama.

Kwasar amfani a gona. Da kaka, lamba 1 ta ƙarama ba tare da totur ba tana tafiya daidai da masu jefa dami. Ba a wahal da kuloci, ba a tsayawa ana tashi.

YADDA AKE SA TA DA FID DA ITA

1. In ƙafafun gaba suna da makulli a tsakiyarsu, a sauka a murɗa duka biyu zuwa LOCK. In ɗaya kawai aka kulle, gaba ba ta ja ko kaɗan.
2. A tsai da mota cik.
3. A taka kuloci har ƙasa. In mota mai canza giya da kanta ce, a sa babban sanda a N.
4. A ja ɗan sandan zuwa L4 da ja ɗaya mai ƙarfi, kada a tsaya a tsakiya. In ya ƙi, a ɗan motsa mota taku ɗaya a sake gwadawa. Ba a dukansa da dutse ko guduma.
5. Da an fita wurin wahala a tsaya a koma H4, in ƙasa ta yi tauri a koma H2.
6. Kafin a hau kwalta a buɗe makullan gaba zuwa FREE, a mai da iskar taya yadda take.

ABUBUWAN DA KE KASHE TA

Na farko, tafiya da H4 ko L4 a kan kwalta. In mota na shan kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya cin ƙasa. A rairayi taya tana ɗan sulɓewa abin ya daidaita. A kwalta babu sulɓi, sai ƙarafa su yi ta murɗe juna. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, taya na kuka, ɗan sandan ya ƙi fita. In haka ta faru a yi ribas a miƙe mita 5 ko 10, zai saki. Motocin da ke ja da ƙafa huɗu kullum, irin su Defender, suna da abin daidaitawa a tsakiya, su nasu sharaɗin shi ne kada a kulle tsakiyar a kan kwalta.

Na biyu, tayoyi masu girma dabam-dabam. Taya huɗu su zama lamba ɗaya, cinsu kuma ya yi kusa da juna.

Na uku, gudu. Ƙaramar giya ba ta wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa ba ce. In hanya ta ba da damar wuce haka, to lokacin H4 ya yi.

Na huɗu, lodin wuce kima. Akori-kura ta tan 1 ce, wato buhu 10 na gero masu kilo 100, ko buhu 20 na taki masu kilo 50, kuma mutanen da ke saman kaya su ma nauyi ne. Ƙaramar giya za ta ja buhu 20 na gero, gaskiya ne, amma ba ta ƙara wa sifirin da aksul da birki da taya ƙarfi ba. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da kwana a gareji.

Na biyar, rashin mai. Akwatin raba ƙarfi yana da mansa dabam, mai kauri irin na giya, ba man inji ba. A buɗe marfin gefe a sa yatsa, man ya kai bakin ramin. Akan canza shi wajen kowace kilomita 40,000. Bayan an ratsa ruwa mai zurfi a duba shi tare da na aksul biyu: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. A sa giris a gaɓoɓin farfela.

Na shida, zama ba aiki. Motar da ta shekara a kwalta ba a taɓa sa mata ƙafa huɗu ba, ran da aka bukace ta sai a tarar sanda ya cije, ko ɗan injin lantarkin da ke sa ta ya ƙi motsi. Kowane wata a kulle ƙafafun gaba a yi kilomita 15 ko 16 a hanyar ƙasa, a sa L4 na ɗan lokaci. A yi wannan gwaji musamman a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka.

IN ZA KU SAYI MOTA TA HANNU

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tafi da makaniken da kuka amince da shi, kada ku biya kuɗi sai kun ga waɗannan da idonku:

1. Ku leƙa ƙarƙashi. Farfela biyu ne, ta gaba da ta baya? Akwai motocin da aka cire wa ta gaba don a ɓoye lalacewar aksul.
2. Ku kai ta rairayi, ba filin tasha ba. A sa L4 lamba 1 a saki kuloci ba totur. Mutum ya iya bin ta da ƙafa. In ta tsere masa, ƙaramar giyar ba ta shiga ba.
3. Wani ya tsaya gefe ya ga ko tayoyin gaba suna watsa rairayi in an taka totur.
4. A gangara ɗan tudu a L4 ba totur. In sanda ya faɗo da kansa, haƙoran sun cinye.
5. A saurara. Ɗan kuka siriri a ƙaramar giya ba laifi ba ne. Ƙara mai kama da niƙa, ko ƙwas-ƙwas in an taka totur, alamar gyara ce mai tsada.
6. A tabbata aksul na gaba da na baya lambarsu ɗaya, domin akan sayo tsohon aksul a kasuwar kayan gyara a ɗaura ba a duba ba. Ga gwajin: a kashe inji a wuri mai tauri, a kulle ƙafafun gaba, ɗan sanda a H2, babban sanda a firi. A yi zane da alli a ƙasan kowace farfela da kuma jikin taya. A tura mota a miƙe har taya ta zagaya sau 1. Zanen farfelar gaba da na baya su tsaya wuri ɗaya. In sun saɓa, ɗaya 4.1 ce ɗaya 4.3 ko makamancin haka, kuma irin wannan mota tana cin kanta duk lokacin da aka sa ƙafa huɗu.

A cikin motar ƙungiya kullum a sami shebur, famfon iska da ma'auninsa, jak da katako mai faɗi na ɗora shi, igiyar ja, da jarkar ruwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Mene ne bambancin H4 da L4?
2. Motar da lamba 1 ɗinta sau 4 ce, ƙaramar giyarta sau 2.5, aksul sau 4, nawa ne jimlarta? Ta yi daidai da aikinmu?
3. Don me lamba 2 da 3 suka fi lamba 1 kyau a rairayi?
4. Waɗanne wurare ne a hanyar garinku mota ta fi kafewa, da rani da damina? Wane aikin gayya za ku iya yi a kansu kafin ruwa ya sauka?
5. Wa ke da alhakin duba mai da gwada ƙaramar giyar motar ƙungiyarku kowane wata? In babu, ku naɗa shi a wannan zama, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya.

Shugabannin ƙungiyoyi su tattara amsoshinku da tambayoyinku su aiko mana, za mu karanta su a shirin manoma. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka, amin.